Ai Akwai Ɗayan

Har yanzu faifan kwamfutar da ya ƙone yana cikin durowar teburina. Uwargida ta ce in jefar da shi ya fi sau uku, na kasa. In ka juya bayansa za ka ga wani ɗan baƙin tabo a jikin fanel ɗin, bai fi ƙwayar gero ba. Wannan tabon ne ya hana ni barci kwana tara a farkon daminar bara.

Dalilin da ya sa na haɗa uwar garke a gida, wato saba kamar yadda 'yan harkar ke cewa, kwamfutar da ke ajiye fayilolin kowa a wuri ɗaya, ba burgewa ba ne. Hotunan gidanmu sun warwatsu a wayoyi huɗu, gigabait 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta ya cika tuntuni, yara kuma suna ƙarar min da data wajen maimaita kallon abu ɗaya. Amma babban abin shi ne kaset 14 na Baba, Allah Ya jiƙansa. Bayan ya bar aikin masaƙa a Kakuri, ya kan zauna da rediyonsa mai kaset bayan la'asar, yana ba da labarin yadda kakanmu ya zo Kaduna aikin jirgin ƙasa, da wa ya haifi wa, da gonakin da aka bari a ƙauye. Na kwashe wata biyu ina juye su zuwa kwamfuta. Kaset ɗin sun riga sun gaji, zaren uku daga ciki ya tsinke a hannuna a juyin ƙarshe. Na zuba komai a wani ƙaramin faifan waje mai terabait 1, na ce idan saba ta tashi can za su koma.

Na ɓata mako shida a kan zaɓen inji. Da farko raina ya biya da irin manyan sabobin nan na kamfanoni, masu faɗi kamar tire, da ake kawowa gwanjo daga Legas. Lissafin wuta ne ya dawo da ni hayyacina. Injin da ke cin wat 100 dare da rana, yunit 72 ke nan a wata. A Afrilun 2024 aka kai kuɗin yunit ɗaya naira 225 ga 'yan rukunin Band A, ka ga sama da naira dubu 16 ke nan kowane wata, ban da ƙarar fankokinsa da ba za ta bar kowa ya runtsa ba, ban da yadda zai zuƙe batirin inbata kafin asuba. Sai na koma kan tsofaffin kwamfutocin ofis, irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre, waɗanda suka cika shagunan da ke bakin titin Ahmadu Bello. 'Yan ƙananan nan masu kamar littafi suna da daɗin wuta, amma babu wurin sa babban faifai a cikinsu. Na ɗauki doguwa, mai furosesa i5 ƙarni na 8, na ƙara RAM ya kai gigabait 16, na sa ɗan ƙaramin SSD don manhaja, na ɗora TrueNAS, manhajar da ke tafiyar da sabar. Wannan ɓangaren bai ba ni wahala ba ko kaɗan, kuma har gobe ita nake amfani da ita. Jellyfin, manhajar kallon finafinai, na tafiya lafiya, Immich na kwashe hotunan wayoyi da kansa da zarar an shigo gida.

Mako shida a kan inji. Faifan da zai riƙe muryar mahaifina kuwa, minti goma ban yi a kansa ba.

Kuɗin sun kusa ƙarewa lokacin da na zo kan faifai. Mai shagon ya ciro guda biyu masu terabait 4 daga wani kwali, a naɗe cikin leda mai ƙyalli. "Yallaɓai, waɗannan kamar sababbi ne, daga ofis aka ciro su. Biyun ba su kai kuɗin sabo ɗaya ba." Ban ce ya jona min su in gani ba. Kuma na san yadda ake yi, wannan ne ke ci min rai. Kowane faifai yana rubuta tarihin kansa a abin da ake kira SMART, kuma da CrystalDiskInfo ko smartctl minti biyu ya isa ka karanta. Lamba ta 9 tana gaya maka awa nawa ya yi yana aiki. Lamba ta 5 tana nuna gurabe nawa suka lalace aka sauya su. Ta 197 kuma tana nuna waɗanda ke tangal-tangal, ba a san ko za su karantu ba. Na san duk wannan. Na ce a raina, ai biyu ne, zan haɗa su madubi, duk abin da aka rubuta a wannan an rubuta a wancan. In ɗaya ya mutu, ai akwai ɗayan.

Da na juye komai na ga yana buɗewa, sai ƙanena zai koma makaranta Zariya yana neman faifan waje. Na goge ƙaramin nan mai terabait 1 na ba shi. Wato da hannuna na share kwafi ɗaya tilo da ke wajen akwatin. Garin neman gira na tashi rasa ido.

Bayan kamar wata biyar, wata alama ja ta fito a saman shafin TrueNAS. Na danna, na ga faifai na biyu yana da gurabe masu tangal-tangal, sai a ranar na duba awanninsa: sama da 41,000. Shekara biyar cur awa 43,800 ce. Wato faifan da aka ce min kamar sabo ne ya haura shekara huɗu yana juyi ba hutu kafin ya shigo gidana. Na farkon kuwa lafiyarsa ƙalau, awanninsa ba su kai rabin haka ba. Na ce ƙarshen wata zan sauya mara lafiyar. Ƙarshen wata ya zo da kuɗin makaranta, na gaba ya zo da azumi. Kullum na buɗe shafin sai in ga jan nan, in ce ai akwai ɗayan.

Akwai kuma wata ganganci da na ƙara. Da a falo injin yake, a soket ɗin da ke kan inbata. Ƙurar hunturu ta toshe fankarsa ya fara gurnani, Hajiya ta zo kwana biyu ta ce abin nan yana damunta, sai na mayar da shi ɗakin ajiya na soka a bango kai tsaye. Babu UPS, babu sitabilaiza, babu komai tsakaninsa da wayar titi. Na ce na ɗan lokaci ne.

Ranar da abin ya faru, hadarin farko ne na ƙarshen Afrilu, irin mai zuwa da iska kafin ruwa. An ɗauke wuta da magariba. Wajen ƙarfe goma aka dawo da ita da wani irin ƙarfi, ƙwan ƙofar gida ya yi fari fat ya fashe, na ji maƙwabta suna ta salati ana kiran a cire firij. Kafin in isa ɗakin ajiya na jiyo ƙauri. Washegari muka ji talabijin nawa da caja nawa suka tafi a layinmu. Ni ba talabijin ce a raina ba.

Fawa-fak ɗin, akwatin nan da ke raba wa kayan ciki wuta, ya ƙone. Da na buɗe sai na ga ashe ba na asali ba ne, ko suna babu a jikinsa, wani ya sauya kafin ta iso hannuna. Na samo wani na sa. Injin ya tashi, SSD lafiya, RAM lafiya. Faifai biyun kuwa shiru, ko motsi. Babban faifai yana shan wuta kashi biyu, bolt 12 na juya shi da bolt 5 na fanel, kuma dukkansu biyun a waya ɗaya suke sha. Abin da ya daki wannan shi ya daki wancan, a daƙiƙa guda. A nan na gane abin da madubin yake karewa da wanda ba ya karewa. Yana tsare ka daga faifai ɗaya ya tsufa ya mutu shi kaɗai. Ba ya tsare ka daga wuta, ko ɓarawo, ko yoyon rufi, ko ka goge abu da kuskure, domin gogewar ma nan take za ta sauka a duka biyun.

Kwana uku ban gaya wa kowa ba. Yayata ta kira daga Kawo tana cewa in turo mata inda Baba ke lissafa 'yan'uwansa, za ta kunna wa ɗanta da zai yi aure. Na ce, "Yaya, ki ba ni kwana biyu, injin ne ya ɗan samu matsala." Da na ajiye wayar na daɗe a zaune.

Wanda ya cece ni wani yaro ne mai gyaran waya a kusa da Kasuwar Gumi. Na karanta cewa a fanel ɗin yawancin manyan fayafai akwai wasu ƙananan dayod masu suna TVS, ɗaya a layin 12 ɗaya a layin 5, aikinsu su sadaukar da kansu idan wuta ta yi yawa. In suka ƙone sai su toshe layin, faifan ya ƙi tashi, alhali cikinsa lafiya. Na kai masa na yi bayani. Ya ɗora mitarsa ya ce, "Oga, wannan ya yi shot, gaskiya ne." Ya ɗage dayod ɗin, muka jona, na ji faifan ya fara juyawa a tafin hannuna. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa a tsakiyar kasuwa.

Sai dai wanda ya tashi ɗin mara lafiyar ne. Mai awa 41,000. Lafiyayyen, wanda na dogara da shi duk watannin nan, wutar ta wuce dayod ta shiga ciki. Mun samo fanel irinsa, yaron ya ciro ƙaramin guntun da ke riƙe bayanan faifan ya mayar a kan sabon, ya juya, ya yi ƙas-ƙas sau uku ya tsaya. Shi ne a durowata.

A ranar na ci bashi na sayi sabon faifai dal a kwalinsa. Ko a nan sai da na tsaya, domin ba kowane sabo ne ya dace da saba ba. Akwai masu rubutu irin na SMR, da ke ɗora layi kan layi kamar jeren kwanon rufi, suna da araha amma suna rarrafe idan aka daɗe ana zuba musu kaya, kuma ZFS, tsarin da TrueNAS ke ajiye fayiloli da shi, ba ya shiri da su wajen sake gina madubi. A 2020 an yi ta ce-ce-ku-ce da aka gano wasu WD Red na SMR ne, har kamfanin ya ware masu CMR, waɗanda layukansu ba sa hawa kan juna, ya kira su Red Plus. IronWolf na Seagate ma CMR ne. Ka duba lambar samfurin da kanka, kada ka tsaya ga launin takarda. Kuma kada ranka ya ɓaci in ka ga terabait 4 ya nuna 3.6, bambancin lissafi ne, ba a cuce ka ba.

Ban yarda na buɗe komai daga mara lafiyar ba. Na sa wani shirin kwamfuta mai suna ddrescue ya kwafe shi sukutum zuwa sabon, yana tsallake wuraren da suka ƙi karantuwa, yana dawowa kansu daga baya. Kwana biyu da yini ya yi, a kan inbata, fanka na hura shi saboda zafin Afrilu, ni kuma ina kwana a tabarma kusa da shi. Da ya gama, ZFS ya bi komai ya tantance, ya fito min da sunayen fayilolin da suka lalace ɗaya bayan ɗaya. A nan kam na gode wa zaɓen da na yi, domin da wani tsarin ne da sai dai in yi ta buɗe hotuna dubbai ina dubawa. Fayil 63 ne. Yawancinsu finafinan yara, ko a jikina. Hotunan bikin suna guda tara, an samu wasu a wayar uwargida. Sai kaset na 11.

Kaset na 11 yana cikin ukun da zarensu ya tsinke. Yana buɗewa, Baba yana magana, ya kai inda yake cewa kakanmu ya sauka a tasha ba shi da kowa sai wani mutumin garinsu, sai sauti ya yanke. Minti huɗu da 'yan daƙiƙoƙi babu komai. Da ya dawo har ya shiga wani zancen. Faifai mai lafiya yana da wannan wurin. Ƙaramin faifan da na bai wa ƙanena yana da shi, na kira shi, ya cika shi da darussa tun tuni, mun gwada manhajar tono ba a samu komai ba. Da na sauya mara lafiyar a watan da jan nan ya fito, da yanzu wurin na nan.

Yanzu injin yana kan inbata, kuma tsakaninsu akwai ƙaramin UPS mai wayar USB da ke gaya masa ya kashe kansa cikin natsuwa idan batir ya yi ƙasa. Fawa-fak mai suna na sa. Faifai biyun ba tare na saye su ba, ba kuma kamfani ɗaya ba, kuma kowanne sai da ya yi kwanaki ana rubuta shi ana karantawa daga farko har ƙarshe kafin in ɗora masa ko hoto ɗaya. Gargaɗi kuma wayata yake shigowa, ba ya jira in buɗe shafi. Masu harkar suna cewa kwafi uku, a kan abubuwa iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. Nawa na ukun faifan waje ne da ke zaune a gidan Yaya a Kawo. Duk Juma'ar farkon wata in na je gaishe ta nakan tafi da wani in karɓo wancan. Wanda ya tambaye ni wane furosesa zai saya, nakan ce ya fara gaya min nawa ya ware wa faifai da wuta, da kuma gidan wa zai ajiye kwafin.

Na kunna wa Hajiya kaset na 11 ko za ta tuna sunan mutumin da ya karɓi kakanmu a tasha. Ta saurara har wurin da ya yanke, ta ce in mayar baya. Na mayar. Ta yi shiru, sannan ta ce ta san ya sha faɗa, mai sayar da goro ne, amma sunan ya ɓace mata.