Kabarin Shugaban Ƙasa a Ƙauyen Plymouth Notch

Na daɗe ina bibiyar tarihin maƙabartun gundumar Windsor da ke jihar Vermont ta Amurka, yanki ne na tsaunuka da gonaki, kuma abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne kabarin Calvin Coolidge, shugaban ƙasar na 30. An haife shi a ƙauyen Plymouth Notch a 1872, kuma a nan ne mahaifinsa ya rantsar da shi cikin dare da hasken fitilar kananzir a watan Agusta na 1923, bayan rasuwar Shugaba Harding. Da ajali ya riske shi a 1933, sai aka mayar da gawarsa wannan ƙauye, aka binne shi a gefen tudu cikin sahun danginsa, da dutsen shaida marar ƙawa.

Kusa da shi ɗansa Calvin ƙarami yake kwance, wanda ya rasu a 1924 yana da shekara 16, sakamakon guba da ta shiga jininsa daga ɗan ƙaramin ciwo a ƙafa. A ganina wannan kabari ne ya fi bayyana irin nauyin da uban ya ɗauka yana kan mulki. Uwargidansa Grace ta bi su a 1957.

A garin Windsor kuwa, a maƙabartar Ascutney, aka binne William Evarts, lauyan da ya kare Shugaba Andrew Johnson a shari'ar tsige shi ta 1868, daga baya ya zama sakataren harkokin waje.