Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Abin da aka gani a ruwan bayana

A makon jiya na tsaya a inda zazzaɓi ya sake ni, har na koma karatu. Ashe lafawa ce kawai. Cutar da ta kama ni, wadda kaska ke sawa a dazukan kudancin ƙasar Cek, sau biyu take zuwa wa wasu. Da farko zazzaɓi da ciwon jiki kamar mura, sai sauƙi na kusan mako guda, sannan ta haura ƙwaƙwalwa.

Zuwan na biyu ba sallama. Kaina kamar ana sara, wuya ya sanƙare, ido ba ya son haske, hannu na rawa har kofi na kasa riƙewa. A asibiti aka ɗebi ruwa daga ƙashin bayana. Likitar da ke duba ni, wata dattijuwa marar yawan magana, ta ce lafiyayyen mutum fararen ƙwayoyin jini ba sa wuce 5 a kowace mikrolita ta wannan ruwa, ni kuwa nawa sun cika shi.

Na ce, "Likita, to ina ƙwayar cutar take?"

Ta ce ƙwayar ta bar jinina tuni. Shaidar da suka samu ita ce sinadarin kariya mai suna IgM da jikina ya ƙera dominta.

Daga baya, da hankalina ya dawo, ta zauna ta warware mini. Bairos ne, dangin na zazzaɓin shawara da na zazzaɓin dengi, kuma a yawun kaska yake, shi ya sa cikin mintuna yake shiga, ko an yi saurin cire ta. Ya fara hayayyafa a fata, ya wuce inda kaluluwa ke fitowa, ya faɗa jini. A nan jiki ke sakin wani sinadarin kariya mai suna intaferon don ya tare shi, kuma mafi yawan mutane a nan maganar ke ƙarewa. Idan ya tsallaka shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, ƙwayoyin da ya kama sai su saki sinadaran kiran agaji. Fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin T, musamman masu alamar CD8, su kwararo, su kashe duk wadda cutar ta shiga. Matsalar ita ce ƙwayar jijiyar ƙwaƙwalwa idan ta mutu ba kasafai ake samun madadinta ba, kuma ƙoƙon kai ba shi da wurin da kumburi zai buɗa. Kamar masu kashe gobara ne da suka ceci gida, amma ruwansu ya rusa ɗaki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne babu maganin da ke kashe wannan bairos, duk da tun 1937 aka gano shi a gabashin Tarayyar Sobiyet. Ƙarin ruwa, maganin zazzaɓi, da sa ido a kan numfashi, su ke nan. Rigakafi kuwa akwai, Ostiriya, maƙwabciyar Cek, ta fi kowa rungumarsa. A ganina duk jami'ar da ke tura baƙin ɗalibai daji ya kamata ta fara da wannan allura kafin ta ba su takalmin aiki.

Ranar da aka sallame ni na miƙa hannu zan ɗauki jakata, kafaɗar dama ta ƙi ɗagawa. Yadda muka kwashe da ita, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.