Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Littafin da Ke Ƙarƙashin Ƙyallaye

Makon jiya na tsaya ne a inda na baro Mokolo na buɗe shagon ɗinki a Marwa, a nan arewacin Kamaru. Yau zan faɗi abin da na daɗe ina jin nauyin faɗa.

Shekara uku cur Littafi Mai Tsarki nawa na Hausa yana cikin kwandon ƙyallaye, a ƙarƙashin keken ɗinki. Ba wanda ya ce in ɓoye shi, ni na ɓoye. Yawancin masu kawo mini ɗinki Musulmi ne, mutanen kirki, kuma ɗinkin Sallah ke biyan hayar shago. Hausata ta fita, sunana bai nuna komai ba, sai na bar kowa da zatonsa. Idan an kira azahar aka ce, "Tela, mu je," sai in ce, "Ku yi gaba," in sunkuyar da kai kan allura. Ran Lahadi kuwa ni ne a gaba cikin ƙungiyar mawaƙa, muryata har waje.

Tsoron yana da dalili, ba zan musa ba. A Nuwamba 2013 aka sace wani fadan Katolika Bafaranshe a ƙauyen Nguetchewe, kusa da iyakar Nijeriya. A Agusta 2014 Boko Haram suka kama Gwoza, jama'a suka yi ta tsallako duwatsu zuwa ɓangarenmu. Sannan ran 22 ga Yuli 2015 bam ya tashi a nan cikin Marwa, bayan kwana uku wani ya sake tashi. Musulmi da Kirista duk mun binne namu. Majami'armu ta ragu, aka sa matasa a bakin ƙofa suna duba jakar kowa, sujadar yamma aka daina.

Cikin daminar nan ne zumuntar mata suka tara tufafi don 'yan gudun hijira na Minawawo, sansanin da aka buɗe a 2013 kusa da Mokolo. Aka ce in bi su tunda na san hanya, in kuma rage wa yara rigunan da suka yi musu yawa.

A can na tarar da sujada ƙarƙashin tamfol, ruwa na ɗiga ta gefe, mutane zaune kan duwatsu da buhuna. Yawancinsu 'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ne daga yankin Gwoza, da Hausa suke waƙa. An ƙone musu majami'u, wasu ba su san inda 'ya'yansu suke ba, amma tafinsu ya fi namu ƙarfi.

Da aka tashi, wata dattijuwa ta jawo hannun rigata. Ta kwance ƙullin zane, ta fito da Littafi wanda bangonsa ya rabu, shafukan sun kumbura don ruwa.

"Ɗana, idona ya yi rauni. Karanta mini Ayyukan Manzanni sura 4."

Na karanta. Wurin ne da aka tsare Bitrus da Yohanna, aka ja musu kunne kada su ƙara magana da sunan Yesu. Na sha jin surar, amma ran nan ne na lura da abin da ikilisiya ta roƙa a aya ta 29. Ba su ce a kawar da masu barazana ba, ba su ma roƙi tsaro ba. Ƙarfin hali suka roƙa don su ci gaba da faɗin maganar. Mu kuwa wata guda ke nan addu'armu ba ta wuce "ka tsare mu, ka tsare mu."

Na tambaye ta, "Mama, da wannan kika hau dutse?"

"Da shi da jikata. Tukunya na bari." Ta dube ni. "Kai fa, a kasuwarku sun san kai na wane ne?"

Na rasa amsa. Ita ma ba ta matsa ba, ta naɗe Littafinta.

A mota na tuna labarin da mahaifina ke ba mu na Baba Simon, fadan nan na Tokombere da ya yi ta hawa duwatsu ba takalmi har kusan rasuwarsa a 1975. Mu ba 'yan Katolika ba ne, amma mahaifina yakan ce mutumin bai zagi al'adar kowa ba, bai kuma ɓoye wanda ya aiko shi ba. A ganina irin waɗannan ikilisiya ta rasa yau. Masu ihu da lasifika muna da su, masu cika benci ran Kirsimeti ma haka. Wanda za a tambaya ran Litinin a bakin shagonsa ya amsa da ladabi, ba rawar murya, shi ne ya yi ƙaranci, kuma ni ma ban kasance cikinsu ba.

Washegari na kakkaɓe Littafin, na ɗora shi kan tebur kusa da almakashi. Babbar Sallah ta gabato. Wani mai kawo mini aiki ya gani, ya yi shiru, da yamma ya aiko yaro ya karɓi shaddarsa. Ya yi mini zafi, kuɗin makarantar 'yata ne. Alhajin da ke shagon gefe kuwa ya miƙo mini shayi kamar kullum, bai ce uffan ba.

Wanda ya girgiza ni yaron shagona ne. Muna rufewa ya ce, "Maigida, wai me ke cikin littafin nan da mutum zai bar tukunya ya ɗauke shi?" Ashe ya ji ina ba matata labari.

Na buɗe baki. Shekara ashirin da yi mini baftisma, waƙoƙi cike da kaina, amma na kasa jera masa bishara cikin jimla biyar. Na yi ta kame-kame har ya ce sai da safe.

Daren nan ban ci tuwo ba, na nufi gidan fasto. Abin da ya faɗa mini, da aikin da ya ɗora mini, sai mako mai zuwa in Ubangiji ya kai mu.