Ƙarancin ALP a gwajin jinina, da shekarun da aka yi ba a kula da shi ba

Har yanzu raina yana ɓaci idan na tuna cewa amsar tana rubuce a takardun gwajina tun da daɗewa. Ɗaya daga cikin dogayen ƙasusuwan da ke bayan yatsun ƙafata ya tsage ba tare da na faɗi ko wani abu ya buge ni ba, kuma ya ƙi haɗuwa duk da watannin da na yi ina ɗingishi. Aka ce zaizayar ƙashi ce irin ta masu shekaruna, aka ɗora ni a kan alendronet, ina sha da safe kafin in sa komai a baki. Ina cikin shan maganin ne ɗaya ƙafar ma ta tsage.

Likitar da na gani daga baya ta jera tsofaffin takarduna a kan tebur, ta riƙa zagaye layi ɗaya da biro a kowace takarda, wato layin ALP, sinadarin alkalin fosfates. Yawancin ɗakunan gwaji suna ɗaukar kimanin 40 zuwa 130 a matsayin daidai ga babba, ni kuwa nawa yana yawo ne tsakanin 19 da 26, bai taɓa hawa ba. An saba neman hauhawar wannan lamba saboda tana nuna matsalar hanta ko ta ƙashi, shi ya sa idan ta yi ƙasa ake wucewa kamar albishir ne. Abin da ya fi daure mini kai shi ne mai karaya sabuwa lambarsa hawa take yi yayin da ƙashi ke gyara kansa, amma tawa ko gezau, kuma ba wanda ya tsaya ya ce me ya sa.

Sai ta tambaye ni ko na san lokacin da na yi famfara. Mahaifiyata ta sha faɗa cewa haƙorana na gaba sun zube tun ban kai shekara biyar ba, ba jini ba ciwo, kowanne da doguwar saiwarsa. Ashe wannan babbar alama ce ta haifofosfateshiya, ciwon gado da likita John Rathbun ya bayyana a Kanada a 1948, wanda ke faruwa idan ƙwayar gadon da ake kira ALPL ta sami tangarɗa. Wannan ƙwayar gado ce ke sa jiki ya samar da ALP, kuma aikin sinadarin shi ne farfasa wani sinadari mai suna fairofosfet, wanda ke hana kalsiyam da fosfet zama a jikin ƙashi. Idan sinadarin ya yi kaɗan sai fairofosfet ya taru, ƙashi ya kasa yin tauri ko da kalsiyam ya wadata a jini. Alendronet da danginsa kuwa an ƙera su ne a kan siffar fairofosfet ɗin, don haka ga mai irin ciwona suna iya ƙara dagula lamarin, har da haɗarin karayar ƙashin cinya. Abin da aka ba ni don ya kare ni ke nan.

Ba kowane ƙarancin ALP ne wannan ciwo ba, kuma likitar ba ta yi gaggawar yanke hukunci ba. Ƙarancin zink ko maganiziyam, rashin abinci mai gina jiki, raunin tayirod da ke wuya, da ciwon Wilson mai tara tagulla a jiki, duk suna saukar da shi, haka ma magungunan zaizayar ƙashi da kansu, kuma ko jinin da ya gauraya da sinadarin EDTA na wata kwalbar gwaji yana ba da lambar ƙarya. Takardun da suka riga shan maganin ne suka raba gardama. Bayan su aka auna bitamin B6, wanda ke taruwa a jinin masu ciwon, aka same shi sama sosai duk da ba na shan ƙwayoyin bitamin, sannan gwajin ƙwayar gado ya tabbatar.

Wanda ya ga lambarsa a ƙasa ya nemi a sake gwajin, ya tattaro tsofaffin takardunsa, kuma kada ya fara maganin zaizayar ƙashi sai an yi masa bayanin dalilin ƙarancin. Na yara kuma dole a auna shi da ma'aunin shekarunsu, domin lambarsu ta fi ta manya nesa ba kusa ba, kuma abin da ya yi daidai ga babba yana iya zama ƙasa ƙwarai ga yaro.

An dakatar da alendronet nan take. Akwai allurar asfotase alfa da aka amince da ita a 2015, wadda ke maye gurbin sinadarin, galibi ga waɗanda ciwon ya fara musu tun suna yara, kuma muna kan tattauna ko ta dace da ni. A halin yanzu an ɗauki hoton cinyoyina biyu, an gargaɗe ni cewa duk ciwon da na ji a wurin in garzaya asibiti, kuma 'yan'uwana da 'ya'yana sun fara zuwa gwaji.