Saƙon Godiya Bayan Rasuwar Mahaifiyarmu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

A madadin 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne da surukai da ɗaukacin dangin mahaifiyarmu, wadda Allah Ya yi wa rasuwa bayan doguwar jinya, nake rubuta wannan saƙo domin miƙa godiyarmu ga duk wanda ya tsaya mana tun daga lokacin da ciwo ya kwantar da ita har zuwa ranar da aka kai ta makwancinta, da kuma kwanakin ta'aziyya da suka biyo baya. Yayyena ne suka ɗora mini wannan nauyi, suka ce a rubuta a fili kowa ya gani, domin waɗanda suka yi mana ɗawainiya sun fi ƙarfin a bi su gida-gida, wasu ma ko fuskarsu ba mu taɓa gani ba sai a wannan karon.

Godiyarmu ta farko ga Allah Maɗaukakin Sarki take, wanda Ya ba mu ita, Ya kuma bar mana ita tsawon lokaci. Ya zo a hadisin da Tirmizi ya ruwaito cewa shekarun wannan al'umma tsakanin 60 ne zuwa 70, kuma kaɗan ne ke zarce haka. Inna tana cikin kaɗan ɗin, domin ta haura shekara 90 a duniya, ta aurar da 'ya'yanta, ta goyi 'ya'yansu, ta kuma ɗora jikokinsu a kan cinyarta ta yi musu addu'a. A wata ruwayar ta Tirmizi an tambayi Manzon Allah (SAW) wane ne mafificin mutane, sai ya ce wanda rayuwarsa ta yi tsawo kuma aikinsa ya yi kyau. Ba ma tsarkake kowa a wurin Allah, Shi ne masanin abin da ke cikin zukata, amma abin da idanunmu suka gani muna shaida a kansa, muna kuma kyautata zaton tana cikin waɗanda wannan bushara ta shafa.

Mahaifinmu ya riga ta da shekaru masu yawa, a lokacin da ƙanananmu ba su gama sanin ciwon kansu ba, saboda haka mafi yawan abin da muka zama a yau daga hannunta ya fito. Da keken ɗinki ta riƙe gidan. Mun tashi muna yin barci da ƙararsa a kunne, mu farka mu tarar da kayan makarantarmu da suka yage jiya an ɗinke su an ninke a gefen shimfiɗa. Ɗan yatsanta ya yi kanta saboda turin allura, kuma har ta tsufa wannan kanta ba ta baje ba. Ita ba ta sami damar yin karatun zamani ba, amma babu wanda ya isa ya shigo da takardar sakamakon jarrabawa ya wuce ɗaki da ita. Sai ta zaunar da kai a gabanta ta ce ka karanta da ƙarfi, kuma daga yadda muryarka ta sauya take gane inda ka tsallake, ta ce, "Koma baya kaɗan, ban ji wannan wurin ba." Ba ta duka a kan faɗuwa, ƙarya ce kawai ba ta lamunta. Wannan tarbiyya ita ce dukiyar da ta bar mana, kuma duk cikinmu babu wanda bai ci moriyarta ba a wurin aikinsa da cikin iyalinsa.

Gidan nata bai taɓa zama na 'ya'yan cikinta kaɗai ba. Ta riƙe marayun dangi da 'ya'yan maƙwabta waɗanda iyayensu suka shiga wani hali, ba ta kuwa bambanta su da mu ba a sutura ko a faɗa, har sai da muka girma sannan wasunmu suka san cewa wane da wance ba ita ta haife su ba. Da jikoki suka zo sai ta ƙara sanyi. Ta san sunan kowane ɗaya da halinsa, ta san mai saurin fushi da mai ɓoye damuwa, kuma bayan sallar asuba takan jero su ɗaya bayan ɗaya a cikin addu'a bisa tsarin haihuwarsu, ba ta tashi daga kan abin salla sai ta kai kan na ƙarshe. Ma'aurata da yawa a cikin zuri'arta suna zaune lafiya a yau saboda wata magana da ta faɗa wa ɗayansu a keɓe, ba ta kuma taɓa maimaita ta a gaban kowa ba.

Allah Yana cewa a Suratur Rum, aya ta 54, Shi ne Ya halicce mu daga rauni, sannan Ya sanya ƙarfi bayan raunin, sannan Ya sanya rauni da furfura bayan ƙarfin. Mun karanta wannan aya sau da yawa, amma a jikin Inna muka ga fassararta. Hawan jini ne ya kai ta ga shanyewar ɓarin jiki na dama, maganarta kuma ta yi nauyi. Likitoci sun yi mana bayanin cewa jijiyar jini ce ta toshe a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, wanda shi ke sarrafa ɓarin dama na jiki, kuma a wurin yawancin mutane a nan cibiyar magana take. Matar da ta ɗauki nauyin gida guda sai ga shi ita ake ɗagawa a kwantar.

A nan ne godiyarmu ta fi nauyi, kuma ina roƙon a yi mini haƙuri in ɗan tsaya a kai. Muna godiya ga likitoci da ma'aikatan jinya da masu gashin ƙashi waɗanda suka kula da ita a asibiti, ba su kuma sallame mu ba sai da suka koya mana yadda ake jinyar wanda ke kwance. Su suka nuna mana cewa dole a riƙa juya ta kusan kowace awa 2, dare da rana, a riƙa duba dugadugai da kwatangwalo da ƙasan baya, domin a nan gyambon kwanciya yake fara ɓulla. Su suka gargaɗe mu kada a ba ta komai a baki tana kwance, sai an tayar da ita zaune an bi a hankali, saboda mai irin wannan ciwo haɗiya takan yi masa wuya, abin da ya kauce ya shiga huhu kuwa yana iya haddasa nimoniya. Akwai wata ma'aikaciyar jinya da ba za mu manta da ita ba, wadda kullum sai ta durƙusa ta gaishe da Inna kafin ta taɓa ta, ta gaya mata abin da za ta yi mata, ko da kuwa Inna ba za ta iya amsawa ba. Wannan girmamawa ta yi mana daɗi ƙwarai, Allah Ya saka mata da alheri, Ya ba ta masu yi mata haka a ranar tsufanta.

Faɗar a juya maras lafiya kowace awa 2 abu ne mai sauƙi, yin sa wata da watanni shi ne aiki. Waɗanda suka yi shi su ne matar babban yayanmu, da autarmu, da jikokin Inna mata biyu da suka riƙa karɓa-karɓa da su. Yaya, ke ba ita ta haife ki ba, amma kin wanke ta, kin sauya mata shimfiɗa cikin tsakar dare, kin taje mata kai, kin shafa mata mai a ƙafafu, ba mu taɓa jin tsaki daga bakinki ba. Duk tsawon jinyar nan gyambo bai fito a jikinta ba, kuma duk wanda ya taɓa jinyar tsoho ya san abin da wannan yake nufi. Auta, kin ajiye harkokinki kin tare a ɗakinta, har kika zama ke kaɗai ke gane abin da take nufi idan ta motsa leɓe. Ku kuma 'yan matan Inna, kun ba ta ƙuruciyarku a lokacin da sa'o'inku ke can suna sha'aninsu. A Suratul Isra'i, aya ta 23, Allah Ya hana a ce wa iyaye ko da "uf" idan tsufa ya riske su a wurinmu, a aya ta 24 kuma Ya umarce mu da mu sassauta musu fiffiken ƙanƙan da kai saboda tausayi. Mu maza mun kawo magani, mun zo mun gaishe ta mun koma gidajenmu, ku ne kuka kwana da wannan aya. A ganina mutane sun fi lura da wanda ya zo ta'aziyya fiye da wanda ya yi jinya, domin ita ta'aziyya a bainar jama'a ake yin ta, shi ya sa na ga wajibi ne a ambace ku a inda kowa zai karanta.

Muna godiya ga malamin da ya zo ya kwantar mata da hankali a kan salla, a lokacin da rashin iya tsayuwa ya fi ciwon kansa damun ta. Ya karanta mata hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari, inda Annabi (SAW) ya ce a yi salla a tsaye, wanda bai iya ba ya yi a zaune, wanda bai iya ba ya yi a kan gefensa, ya kuma nuna wa masu jinya yadda za su taimaka mata da alwala ko taimama. Tun daga ranar ba ta sake kuka a kan wannan ba, kuma ko da harshe ya gaza, babban yatsanta na hagu bai daina bin gaɓoɓin sauran yatsun yana lissafin tasbihi ba.

Ga matan da suka yi mata wanka suka suturta ta, da matasan da suka haƙa kabari, da limamin da ya sallace ta, da dukan waɗanda suka bar ayyukansu suka raka ta, ba mu da abin da za mu biya ku. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa wanda ya halarci jana'iza har aka yi mata salla yana da ƙiraɗi 1, wanda ya tsaya har aka rufe yana da ƙiraɗi 2, kwatankwacin manyan duwatsu biyu. Allah Ya cika muku wannan lada. Kawunanmu da gwaggonninmu da baffanninmu, kun tsaya mana tsayuwar iyaye, kun karɓi baƙi a lokacin da mu ba ma cikin hayyacinmu. Maƙwabta sun buɗe ƙofofinsu ga baƙinmu ba tare da mun roƙa ba. Abokan aiki da abokan arziki, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, sun zo da ƙafarsu, na nesa kuma sun bugo waya ko sun aiko da saƙo ta WhatsApp da Facebook. Duk mun gani, mun kuma gode. Waɗanda labari bai riske su a kan lokaci ba, su yi mana uzuri, gaggauta jana'iza umarni ne da ba mu da ikon saɓawa.

A zaman ta'aziyyar nan mun ji abubuwa game da mahaifiyarmu waɗanda ba mu sani ba. Wata baiwar Allah ta zo tana kuka ta ce shekara da shekaru Inna ke ɗinka wa 'ya'yanta kaya bayan rasuwar mijinta, ba ta taɓa karɓar ko sisi ba, ta kuma hana ta gaya wa kowa. Wani dattijo mai furfura ya ce a ɗakinta ya kwana lokacin da mahaifiyarsa ta rasu yana yaro, ita ce ta rarrashe shi har ya yi barci. Mun tashi a gida ɗaya da ita, amma sai daga bakin baƙi muka san waɗannan. Gaskiyar masu iya magana ne da suka ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ku da kuka kawo mana waɗannan labarai kun yi mana ta'aziyyar da ta fi kowace sanyaya zuciya.

Iyayenmu mata, ƙawayen Inna da suka rage, wasunku sai da aka riƙo hannunsu sannan suka iya shigowa, duk da haka kuka ƙi zama a gida. Annabi (SAW) ya ci gaba da aika wa ƙawayen Nana Khadija kyauta bayan rasuwarta, mu ma mun ɗauki alkawarin cewa da yardar Allah ƙafarmu ba za ta ɗauke daga gidajenku ba. Idan kuka ga mun yi nisa, ku aiko a kira mu kamar yadda ita za ta yi.

Saura roƙo guda biyu. Na farko, Allah Ya gabatar da biyan bashi da zartar da wasiyya a kan rabon gado, kamar yadda yake a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12. Saboda haka duk wanda ke bin mahaifiyarmu bashi, komai ƙanƙantarsa, ko ya ba ta ajiya, ko akwai wani alkawari a tsakaninsu da ba a cika ba, don girman Allah ya tuntuɓi babban yayanmu, kada kunya ta hana shi, domin sauke mata nauyi ne zai yi. Wanda kuma ta saɓa wa a zaman tare, da saninta ko ba da saninta ba, muna roƙon ya yafe mata. Na biyu, ku ci gaba da sanya ta a addu'a. Muslim ya ruwaito cewa idan mutum ya rasu aikinsa ya yanke sai abubuwa 3: sadaka mai gudana, ko ilimin da ake amfana da shi, ko ɗa na gari da ke yi masa addu'a. Sahabi Sa'adu ɗan Ubada ya tambayi Annabi (SAW) ko sadaka za ta amfani mahaifiyarsa da ta rasu ba ya nan, aka ce masa za ta amfane ta, sai ya bayar da gonarsa dominta. Mu ma iyali mun fara shawarar abin da za mu yi da sunanta gwargwadon ikonmu, kuma za mu sanar da dangi idan magana ta tsaya.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya gafarta mata, Ya sa jinyar da ta sha ta zama kaffara, Ya haskaka kabarinta, Ya haɗa ta da mahaifinmu a Aljannar Firdausi. Allah Ya jiƙan iyayenku da suka riga mu, Ya ƙara wa waɗanda ke raye lafiya, Ya saka wa kowa da mafificin alheri.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗaya daga cikin 'ya'yanta, a madadin iyali baki ɗaya.