Tsarin yaƙi da ciwon daji da tafiyar gwaggona

Duk sanda na ji an ce gwamnati ta zauna taron duba tsarin yaƙi da ciwon daji, gwaggona nake tunawa, Allah ya jiƙanta. Kusan shekara ta yi da ƙullutu a mama tana ɓoyewa, da ya fito fili kuma mutanen gida suka ce ai daji ne, daji ba ya son ƙarfe, kar a bari a yi mata allura balle aiki, aka yi ta jiƙe-jiƙe da shafe-shafe har ya fashe. Da muka kai ta asibiti likita ya ce mun makara, amma dai a yi kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin dajin, sannan a yi gashi, wato ƙone su da hasken inji, muka je wajen gashin aka ce injin ya lalace, ku dawo bayan sati uku. Mota biyu muka hau kafin mu isa fa.

Tsari kam akwai shi. A 2018 zamanin ministan lafiya Isaac Adewole aka ƙaddamar da na 2018 zuwa 2022, kuɗin da aka kiyasta ya haura naira biliyan 97. Da wa'adinsa ya ƙare aka fito da na 2023 zuwa 2027, ga kuma cibiyar NICRAT da aka ɗora wa binciken cutar kansa, wato daji, da kula da maganinta. Kuma gaskiya ba zan ce ba a yi komai ba, rigakafin ƙwayar cutar HPV da aka fara yi wa 'yan mata 'yan shekara 9 zuwa 14 a Oktoban 2023 babban abu ne, don shi ke tare kansar bakin mahaifa tun kafin ta zo, ni da kaina na kai 'yata duk da surutun maƙwabta. Akwai ma asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu kansar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza (prostate), an fara shi a asibitoci 6, a Arewa akwai Zariya da Gombe da Abuja. To amma wa ya sani? Mu dai lokacin ko labarinsa ba mu ji ba, gona aka sayar.

Ƙiyasin 2022 ya ce sama da mutum 120,000 ke kamuwa a shekara a Najeriya, kusan 80,000 na rasuwa, kuma yawanci irin gwaggo ne, sai abu ya ci jiki ake zuwa.

Shi ya sa in da za a tambaye ni a wajen bitar nan, ni ba ruwana da yawan taron da aka yi a otal. A faɗa mana injin gashi nawa ne ke aiki yau ɗin nan, kwana nawa mace ke jiran sakamakon gwajin tsoka, kuma nas ɗin asibitin ƙauyenmu an koya mata duba mama ko kuwa har yanzu farasitamol za ta bayar ta ce maruru ne.