Daga Tudun Hatsi Zuwa Zauren Taro a Legas

Na shafe shekaru ina harkar riɗi da wake a kasuwar Tudun Hatsi da ke cikin garin Gombe, kuma a duk tsawon wannan lokaci sanina game da kayana bai wuce bakin tirela ba. Mukan tattaro kaya daga kasuwannin ƙauye, a auna, a ɗinke buhu, 'yan dako su loda, direba ya kama hanyar Dawanau a Kano ko ya miƙe Legas, ni kuwa in koma rumfa in jira kuɗina. Na daɗe ina jin cewa riɗin da muke sayarwa yana ƙarewa ne a ƙasashe irin su Japan da Sin da Turkiyya, amma da a ce wani ya tambaye ni abin da ke faruwa da buhun tsakanin sito da jirgin ruwa, da na yi shiru.

Wani abokin cinikina da ke zaune a Legas ne ya turo mini takardar gayyata zuwa taron ƙara wa juna sani da wata cibiyar kasuwanci ta shirya, irin cibiyoyin nan da ke haɗa 'yan kasuwar Najeriya da na wata ƙasa guda, wannan kuwa ta wata ƙasar Turai ce. Da na nuna wa kawuna, wanda a hannunsa na koyi awo da sanin kaya, sai ya juya takardar gaba da baya, ya ce: "Kai yaro, wane ciniki ne ake ƙullawa a ɗakin otal, babu buhu babu sikeli?" Na ce masa, "Kawu, ni ma abin da zan je in gano ke nan." Ya ce Allah ya kiyaye hanya, amma fuskarsa ta nuna cewa yana ganin asarar kuɗin mota kawai zan yi.

Ga wanda bai san irin waɗannan cibiyoyi ba, ba ma'aikatun gwamnati ba ne, kuma ba ofisoshin jakadanci ba ne, ko da yake suna da kusanci da jakadun ƙasashen da suke hulɗa da su. Ƙungiyoyi ne na kamfanoni da 'yan kasuwa, mambobi ne ke biyan kuɗin shiga da na shekara, kuma da wannan kuɗi da abin da masu ɗaukar nauyi suka bayar ake shirya taruka da bita da tafiye-tafiyen kasuwanci. Cibiyar Najeriya da Amurka ta samo asali ne tun 1960, ta Najeriya da Birtaniya kuma an kafa ta a 1977, akwai kuma ta Faransa da ta Jamus. Dukansu a Legas hedikwatarsu take, garin da cibiyar 'yan kasuwarsa ta fara aiki tun 1888. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mutumin Gombe nisan da ke tsakaninsa da inda ake yanke shawara a kan kayan da shi ne ya tara su.

An fara zaman safe da batun takardu, kuma a nan ne na fara cika littafin da na shiga da shi. Mai son fitar da kaya sai ya yi wa kamfaninsa rajista a hukumar CAC, sannan ya karɓi shaidar mai fitar da kaya daga hukumar NEPC, wadda aka kafa a 1976 domin bunƙasa fitar da kayan da ba man fetur ba. Kowane lodi yana buƙatar a buɗe masa fom ɗin NXP, wato takardar bayyana kayan da za a fitar, ta hannun banki, kuma ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ita ce kuɗin kayan su dawo gida cikin kwana 180. Hukumar NAQS ce ke ba da takardar da ke tabbatar da cewa kayan gona ba su ɗauke da ƙwari ko cuta. An kuma bayyana bambancin farashin da ake kira FOB, inda alhakin mai sayarwa ke ƙarewa da zarar kaya sun hau jirgi a tasharmu, da wanda ake kira CIF, inda shi ne zai biya kuɗin jirgi da inshora har tashar mai saye. Na tuna sau nawa muka ji farashin riɗi a ƙasar waje muka ce ana cutarmu, alhali ba mu san ko wane ne daga cikin farashin biyu aka faɗa mana ba.

Duk wannan bayani mutum zai iya samunsa a ofis ko a intanet idan ya nace. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne jawabin wata mata da ke aiki a ɗakin gwajin abinci, wadda ta tashi ta yi magana a kan wake ba tare da ta san akwai mai sayar da wake daga Gombe a cikin zauren ba. Ta tuna mana cewa a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya, saboda an yi ta samun ragowar maganin ƙwari mai suna dikulobos a cikinsa fiye da yadda dokarsu ta yarda. Ina jin sunan ya yi mini baƙo har sai da ta nuna hoton kwalbar, sai na ga ashe abin da muke kira fiya-fiya ne, wanda na sha ganin ana yayyafa wa wake kafin a ɗinke buhu domin kada ƙwari su huda shi kafin bazara. Mu a wurinmu dabara ce ta kare jari, a wurinsu kuwa guba ce a cikin abinci, kuma gaskiya ita ce gubar ba ta bambanta cikin Bature da cikin yaranmu da ke cin ƙosai da alala. Ta ambaci buhun nan mai ciki uku da ake kira PICS, wanda masana a jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, wanda ke toshe iska har ƙwarin su mutu ba tare da an zuba ko ɗigon magani ba. Buhun ba baƙo ba ne a kasuwarmu, tsadarsa ce ke sa da yawa daga cikinmu ke kauce masa.

Daga wake ta koma kan riɗi da gyaɗa. Gyaɗar da aka adana da sauran danshi tana yin fumfuna, fumfunar kuma tana haifar da gubar afulatoksin, wadda ido ba ya gani kuma suya ba ta kawar da ita. Riɗi kuwa babbar matsalarsa a Turai ita ce ƙwayar cutar salmonela, wadda kan shiga ta kashin tsuntsaye da na ɓeraye da na dabbobi idan an kakkaɓe shi ko an shanya shi a ƙasa. Tana magana ina hango shanyar da ake yi a gefen kwalta a lokacin kaka, awaki na ratsawa, kaji na tono, motoci na tayar da ƙura. Wani mai jawabi ya biyo bayanta da bayanin rangwamen haraji, ya kawo dokar AGOA ta shekarar 2000 da Amurka ta yi domin sassauta haraji a kan kayan ƙasashen Afirka, da sabon tsarin da Birtaniya ta fara aiki da shi a watan Yunin 2023 ga ƙasashe masu tasowa. Na saurare shi, amma a ganina haraji ba shi ne ya tare mana hanya ba, domin kayan da aka mayar da su daga bakin tasha babu wanda zai tsaya yi musu lissafin haraji.

Sai aka tashi shan shayi, kuma a nan ne abokina ya raɗa mini cewa ainihin taron yanzu zai fara. Ban fahimce shi ba sai da na ga mutane sun watse cikin zauren, kowa da kofi a hannu ɗaya da ɗan kati mai ɗauke da suna da lambar waya a ɗaya hannun. Ni da na saba a gaisa, a tambayi iyali da gajiya da kasuwa, a zauna a kan tabarma kafin a taɓo maganar kuɗi, sai na ga mutum ya tsaya a gabana, cikin ɗan lokaci ya faɗi sunansa da sana'arsa da abin da yake nema, ya miƙo kati, yana jiran in yi haka nan. Ba ni da kati ko ɗaya. A bayan takardar shirin taro na riƙa rubuta lambata ina yagewa, abin da har yanzu idan na tuna nakan ji nauyi.

Da yawa daga cikin waɗanda suka miƙo mini kati ba masu sayen kaya ba ne. Ma'aikatan banki ne da na inshora da lauyoyi da masu fito da kaya daga tasha, kowa yana neman wanda zai yi wa aiki a biya shi, kuma duk mai shirin zuwa irin wannan taro ya kamata ya san haka tun daga gida domin kada ya ɗauka kowane murmushi ciniki ne. Mai saye na haƙiƙa guda ɗaya na samu, wani dattijon Bature da ke wakiltar kamfanin sarrafa abinci, kuma jami'ar cibiyar ce ta kama hanya ta kai ni gabansa bayan abokina ya gaya mata daga inda na fito. Bai tambaye ni farashi ba. Ya tambayi tan nawa zan iya haɗawa a wata, da kashi nawa cikin ɗari na tsaftar riɗin, da yawan danshinsa, da ko zan iya nuna ƙauyukan da aka noma shi, da ko na taɓa kai samfur ɗakin gwaji. Tambaya ta farko kaɗai na amsa da ƙarfin gwiwa. Na saba in damƙi riɗi in murza, in hura, in tauna, in faɗi darajarsa ba tare da kuskure ba, amma wannan sani na hannu da haƙori ba ya shiga takarda, shi kuwa takarda zai kai wa masu gidansa.

A hanyar dawowa na yi ta juya abin da ya sa ya tsaya ya saurare ni har tsawon wannan lokaci, alhali ga masu kwat da Turanci mai santsi suna jiran ya juyo. Ba don ni ba ne, don wadda ta gabatar da ni ne. Da na isa gida na kwashe labari na faɗa wa Kawu, sai ya yi dariya ya ce: "Ashe wurin fatoma ka je." Ya tuna mini yadda fataken da ke tafiya Gwanja sayen goro ba sa sauka a kasuwa kai tsaye, sai a gidan fatoma, wanda zai ba su masauki, ya adana kayansu, ya nemo musu mai saye, ya tsaya musu idan ciniki na bashi ne, domin shi ya san baƙon kuma ya san ɗan gari, alhali su biyun ba su san juna ba. Ban taɓa jin bayanin cibiyar kasuwanci da ya kai wannan daidai ba. Abin da mamba ke saye da kuɗin shekararsa lamuni ne, wato a samu wanda idan kamfani daga waje ya tambaya ko wane ne kai, zai ce ya san ka, ya ga takardunka, kuma ya san inda za a same ka idan magana ta tashi. Jawabai da shayi da katuna duk hanya ce ta kai mutum ga wannan.

Sai dai fatoman nan ya yi mana nisa, kuma ba ya jin Hausa. Duk zaman da Turanci aka yi shi, kuma a iya waɗanda na gaisa da su ban haɗu da wanda ya fito daga Gombe ko Bauchi ko Yobe ba, alhali riɗi da zoɓo da ƙaro da aka yi ta ambata daga Arewa suke fitowa. Idan aka haɗa kuɗin tafiya da masauki da kwanakin da rumfa za ta zauna a rufe, ƙaramin ɗan kasuwa ba zai iya maimaita wannan tafiya a kai a kai ba, shi kuwa lamuni ba ya samuwa da zuwa ɗaya, sai fuska ta zama sananniya. Wasu tarukan ana watsa su ta intanet, kuma hakan yana da amfani wajen sauraron jawabi, amma babu wanda zai kama hannunka ta cikin waya ya kai ka gaban mai saye. Laifin kuma ba nasu ba ne su kaɗai, domin mu ma ba mu taɓa haɗa kai mun rubuta musu cewa su kawo bita ɗaya Gombe a lokacin kaka ba, su zo da mai fassara, su ga kayan a inda ake tara su.

Kwantena mai ƙafa 20 tana cin tan 18 zuwa 19 na riɗi, kuma mai saye ba ya son kwantena ɗaya sannan a ɓace, yana son wanda zai riƙa cikawa a kan lokaci da kaya iri ɗaya. Ni kaɗai ba zan iya ɗaukar wannan alkawari ba, don haka na zauna da abokan sana'a huɗu da na yarda da amanarsu, muka amince mu yi rajistar kamfani guda, mu nemi shiga cibiyar da sunansa, mu riƙa tura mutum ɗaya kowane taro bi da bi. Mun sayi tamfol mun raba wa manoman da muke karɓar kaya a hannunsu a ƙauyuka biyu, da sharaɗin a kansa za su kakkaɓe riɗin su shanya, mu kuma mu ƙara musu wani abu a kan kowane buhu. Wasu sun karɓa da murna, wasu sun ce iyayensu ba su yi haka ba kuma riɗinsu bai taɓa kwantai ba.

Na rubuta wa dattijon nan wasiƙa ta imel kwana uku bayan dawowata, kamar yadda abokina ya matsa mini in yi kafin ya manta fuskata, kuma ya amsa da layi biyu cewa in turo sakamakon gwaji idan ya fito. Makon jiya muka ɗebi samfur daga buhuna daban-daban, muka gauraya, muka ɗaure a leda mai kauri, muka aika ɗakin gwaji a Legas. Kawu da kansa ya zaɓi buhunan da aka ɗiba, ya hana mu taɓa waɗanda ke saman tari, ya ce a jawo daga tsakiya da ƙasa, tunda can ne danshi ke ɓuya.